Kurciyar da Ta Ɗauki Bam: Ko Nisa Yana Rage Alhaki?

Ran 1 ga Nuwamba kowace shekara Ikilisiya takan yi Idin Dukan Tsarkaka. A irin wannan rana ce, cikin shekarar 1911, sa'ad da ake kaɗa ƙararrawa a majami'un ƙasar Italiya ana kiran jama'a zuwa Misa, wani ƙaramin hafsan soja ɗan shekara 29, mutumin birnin Genoa, mai suna Giulio Gavotti, ya tashi da jirginsa daga bayan garin Turabulus a ƙasar Libiya. Yana ɗauke da gurneti huɗu, kowanne bai wuce nauyin kilo 2 ba, uku a cikin jakar fata, ɗaya a aljihun rigarsa. Da ya iso bisa sansanin Turkawa da Larabawa a Ain Zara, sai ya riƙe akalar jirgin da hannu ɗaya, da ɗayan hannun ya cusa wa gurnetin abin da ke tayar da shi, ya wurga ƙasa. Kafin ya juya gida ya zubar da dukan huɗun, tsakanin Ain Zara da dausayin Tajura. Wannan ne karo na fari da ɗan Adam ya jefa wa ɗan'uwansa bam daga cikin jirgin sama mai inji da fukafukai.

Sunan irin jirgin da ya hau Taube. Wani mutumin Ostiriya, Igo Etrich, shi ya tsara shi, kuma a harshen Jamus ma'anar kalmar ita ce kurciya, domin fukafukansa da jelarsa sun yi kama da nata. Mu da muka san kurciya tun daga jirgin Nuhu, muka kuma san ta a bakin kogin Urdun ranar baftismar Ubangijinmu, ba za mu ji wannan suna mu wuce haka kawai ba.

Tambayar da muke so mu yi nazari a kanta ita ce: in mutum ya kashe wanda bai ga fuskarsa ba, bai ji kukansa ba, bai ma san ko namiji ne ko mace ba, alhakinsa ya kai na wanda ya soka wuƙa da hannunsa? In kuwa ya kai, me ya sa zukatanmu ba su ɗauke shi haka? Kada wani ya ce wannan zancen Turawan da ne. Ran 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasarmu ya saki bam a kan mutanen ƙauyen Tudun Biri a Jihar Kaduna suna cikin taron Mauludi, aka binne mutum fiye da 80, rundunar soja kuma ta amsa cewa kuskure ne. Muna da 'ya'ya a cikin soja, muna da 'yan'uwa a ƙauyukan da jirage ke shawagi a kansu. Shi ya sa ya kyautu mu koma inda abin ya faro, mu dube shi tun yana ƙarami.

Abin da zai fara ba mai karatu mamaki shi ne gaugawar al'amarin. A watan Disamba 1903 ne 'yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, suka fara tashi sama da inji. A watan Afrilu 1909 Wilbur ya zo Roma, ya yi ta tashi a filin Centocelle, ya koya wa wani hafsan sojan ruwa, Mario Calderara, tuƙi, shi ne kuma ya karɓi takardar shaidar matuƙi mai lamba ɗaya a Italiya. Shekara biyu da rabi bayan haka, ran 29 ga Satumba 1911, Italiya ta shelanta yaƙi a kan daular Turkawa don ta ƙwace Libiya. Turabulus ɗin nan kuwa ba baƙon suna ba ne a kunnenmu, nan ne ƙarshen hanyar ayarin raƙuma da ke tashi daga Kano ta bi ta Gat da Gadamas. Tare da rundunar da ta sauka a can aka kawo jirage tara a cikin akwatuna. Babu ko ɗaya ƙirar Italiya: Blériot da Nieuport da Farman na Faransa ne, sai Taube biyu. Katako ne da waya da ƙyalle, matuƙi yana zaune a fili iska tana dukansa.

Ran 23 ga Oktoba Kyaftin Carlo Piazza ya hau Blériot ya yi shawagin kusan awa ɗaya bisa wuraren da Turkawa suka ja daga, ya dawo ya faɗi abin da ya gani. Shi ne leƙen asiri na fari da aka yi da jirgin sama a fagen yaƙi. Wato da farko jirgin ido ne kawai. Daga ranar da aka yi amfani da shi don gani zuwa ranar da aka yi amfani da shi don jifa, kwana tara ne, tsawon addu'ar nobena guda.

Da sauƙi mu ɗauki Gavotti a kan azzalumi marar imani, mu huta. Amma wasiƙun da ya riƙa aika wa mahaifinsa suna nan, kuma mutumin da ke cikinsu injiniya ne mai ladabi, mai son aikinsa. Ya gaya wa uban cewa zai gwada jefa bam, zai kuma ji daɗi in ya zama shi ne na fari. Ya bayyana yadda ya shirya komi a tsanake don kada abin ya fashe masa a cinya. Game da abin da ya faru a ƙasa kuwa, iyakar abin da ya gani ɗan baƙin hayaƙi ne ya tashi a tsakiyar tantuna. Ya koma sansani da murna, jaridun Italiya suka yaba masa, mawaƙi Gabriele D'Annunzio ya sa sunansa a waƙa. Turkawa suka kai kuka cewa bama-baman Italiya sun faɗa kan asibiti, Italiya ta musa. Dokar ƙasa da ƙasa ma ba ta kama kowa ba. Taron Hague na 1899 ya hana jefa makamai daga balan-balan da makamantansa, amma na shekara biyar kawai, da aka sabunta hanin a 1907 Italiya ba ta sa hannu ba.

To, me koyarwar Ikilisiya ta ce? Tun daga zamanin Waliyyi Toma Akwinas malamanmu suna auna kowane aiki da abu uku: shi kansa abin da aka aikata, da niyyar mai aikatawa, da yanayin da aka yi shi a ciki. Nisa yanayi ne. Yanayi yana iya ƙara wa laifi nauyi ko ya rage masa, amma ba ya mai da kisan marar laifi ya zama wani abu dabam. Soja yana da izinin kai hari kan sansanin abokan gaba in yaƙin na adalci ne, ko da yake da wuya a kira yaƙin ƙwace ƙasar mutane yaƙin adalci. Amma ko a yaƙin da ya halatta, wajibi ne ya bambanta mai ɗauke da makami da wanda ba ya ɗauke da shi. Wannan wajibi ba ya sauka daga wuyansa don ya hau sama. Sai ma ya ƙara tsanani, tun da daga sama tantin soja da tantin majinyata kamarsu ɗaya.

Wani zai ce, ai bai sani ba, kuma rashin sani yana ɗauke laifi. Gaskiya ne, akwai rashin sanin da ke ɗauke laifi, irin wanda mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai iya kawar da shi ba. Akwai kuma wanda mutum ya zaɓa wa kansa don kada sani ya hana shi abin da yake so ya yi, shi kuwa ba ya wanke kowa. Wanda ya tsaya bayan katanga ya yi jifa cikin kasuwa ba zai ce bai san kan wa dutsen zai faɗa ba, a sallame shi. Ya san kasuwa ce.

Littafi Mai Tsarki ya riga ya nuna mana irin wannan kisa tun ba a yi mafarkin jirgi ba. Sarki Dawuda bai ɗaga takobi a kan Uriya ba. Yana zaune a fadarsa a Urushalima ya rubuta wasiƙa zuwa ga Yowab, ya ba Uriya da kansa ya kai, kibiyar Ammonawa ta gama aikin. Da labari ya zo, Dawuda ya karɓe shi kamar sauran labaran yaƙi, ya ci gaba da harkarsa watanni. Lamirinsa bai motsa ba sai da annabi Natan ya zo ya ba shi labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa, wato sai da aka jawo abin kusa, aka yi masa fuska. Alhakin yana nan cif tun ranar da ya rubuta wasiƙar. Jin nauyinsa ne nisa ya ɗauke masa. Mu ma da muke tura wa jama'a jita-jita ta wayar hannu, wadda za ta iya tayar da gari a inda ba mu taɓa zuwa ba, muna da abin dubawa a cikin wannan wasiƙa.

Sai dai akwai wata hujja mai ƙarfi da ke tsaye a gaban maganarmu, kuma rashin gaskiya ne mu kauce mata. A ranar nan ta 23 ga Oktoba da Piazza ya yi shawaginsa, Turkawa da Larabawa suka far wa sojan Italiya a Shar al-Shatt, gab da Turabulus, suka kashe ɗaruruwa. A kwanakin da suka biyo baya sojojin Italiya suka shiga gonakin dabino da gidajen unguwar suna ramuwar gayya, suka harbe fararen hula masu yawa ido da ido, suka kwashe dubbai zuwa tsibiran Tremiti da Ustica. Waɗannan sun ga fuska, sun ji kuka, bai hana su ba. Jinin da suka zubar da bindiga a mako guda ya ninka abin da jiragen nan tara suka yi a dukan yaƙin. Kayinu ma ai kusa da Habila yake tsaye. Ashe ganin fuska ba ya tabbatar da jinƙai.

Mun yarda da wannan. Amma a duba abin da ya biyo bayan kowanne. Kisan gonakin dabino, 'yan jaridar ƙasashen waje da ke Turabulus sun gani sun rubuta, Turai ta yi tir, hukumar Italiya ta shiga kame-kame da musu. Musu kuwa alama ce ta kunya, mai musu ya san abin da ake tuhumarsa da shi mugu ne. Jifan Gavotti babu wanda ya ɓoye shi, a shafin farko aka buga shi, aka kira shi ci gaba. A ganinmu haɗarin nisa ke nan. Zunubin da aka yi kurkusa yana barin tabo a idon mai shi, ta wannan tabo kuma tuba take samun ƙofa. Wanda aka yi daga nesa yana iya zama aikin ofis, a yi masa lissafi, a koyar da shi a makaranta, mutanen kirki su yi ta yinsa suna barci lafiya.

Haka kuwa aka yi, kuma a Italiya aka fara rubuta lissafin. Giulio Douhet hafsan igwa ne wanda aka ba shugabancin bataliyar jiragen sama a Turin jim kaɗan bayan yaƙin Libiya. Ya ƙulla abota da injiniya Gianni Caproni, ya kuma ba shi izinin ƙera babban jirgi mai inji uku ba tare da yardar manyansa ba. Waɗannan jiragen Caproni, masu ɗaukar mutum huɗu da bama-bamai masu nauyin kilo ɗaruruwa, su Italiya ta riƙa kai wa Ostiriya hari da su tun daga watan Agusta 1915. Douhet mutum ne mai kaifin baki. A 1916 kotun soja ta ɗaure shi shekara guda saboda sukar yadda manyan hafsoshi ke tura samari su mutu a banza a bakin kogin Isonzo, bayan mummunan kayen Caporetto na 1917 kuma aka gane yana da gaskiya. A 1921 ya fitar da littafinsa a kan mallakar sararin sama, wanda hafsoshin ƙasashe da yawa suka karanta.

Ya kamata mu ji hujjarsa da kyau, don ba ta wawa ba ce. Ya ga yadda Italiya ta yi hasarar soja wajen 600,000 a ramukan yaƙi da kan duwatsu. Sai ya ce, maimakon a shekara uku ko huɗu ana yanka samari a bakin daga, gara a tsallake dagar ta sama, a auka wa biranen abokan gaba da bam mai fashewa, da mai ƙonewa, da na iskar guba, har jama'a su firgita su tilasta wa gwamnatinsu ta miƙa wuya cikin 'yan kwanaki. A lissafinsa wannan shi ne jinƙai, tun da jimillar matattu za ta ragu. Bambanci tsakanin soja da farar hula kuwa, ya ce zamaninsa ya wuce.

Amsar Ikilisiya tsohuwa ce, Manzo Bulus ya riga ya ƙi ra'ayin a yi mugunta don alheri ya fito. A tsarin Douhet mutuwar mace da jaririnta ita ce ainihin abin da ake nema, don firgitar da ta haifar shi ne makamin. Malamanmu sun bambanta wannan da ɓarnar da ke aukuwa ba da nufi ba sa'ad da aka nufi wurin soja, ko ita ma sai in ba ta fi amfanin da ake nema girma ba. Wanda ya mai da rayukan marasa laifi tsani zuwa ga nasara ya yi kisan kai, ko da lissafinsa ya fita daidai. Balle ma bai fita ba. A Yaƙin Duniya na Biyu an yi wa London da Hamburg da Berlin ruwan bam, mutane suka binne matattunsu suka koma bakin aiki, yaƙin ya shekara shida. Muna kuma zaton irin wannan lissafi ba ya yiwuwa sai ga mai kallon birni a kan taswira. Da wuya mutum ya tsaya a ƙofar gida ɗaya, ya dubi masu gidan, ya ce musu su ne kuɗin da za a biya.

Hausawa sun ce komi nisan jifa ƙasa zai faɗo. Tun a Yaƙin Duniya na Ɗaya jiragen Ostiriya suka mayar wa Italiya da biki. A watan Oktoba 1915 bam ya fasa rufin majami'ar Scalzi a Venice, ya hallaka zanen Tiepolo da ke jikinsa. Ran 11 ga Nuwamba 1916 bam guda ya faɗa kan mafakar da mutanen Padua suka ɓuya a ciki, ya kashe fiye da 90, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. Paparoma Benedict na 15 ya yi ta roƙon ɓangarorin biyu su daina jefa bam a garuruwan da ba su da kariya, ba a saurare shi ba. Shi ne kuma a watan Maris 1920 ya sa masu tafiya ta sama ƙarƙashin kulawar Uwargidanmu Maryamu ta Loreto. Babu saɓani a nan. Ikilisiya ba ta taɓa la'antar jirgi ba, jirgin da ke kai bam shi ke kai magani da mahajjata, matuƙin soja kuma rai ne mai bukatar addu'a kamar kowa.

Amma akwai abin da ya zama dole mu faɗa a kan kanmu. Da aka kafa rundunar sojan sama ta Italiya mai zaman kanta a 1923, gwamnatin Mussolini ta kai koyarwar Douhet inda babu mai iya ramawa, wato Afirka. An yi wa zangunan makiyayan Libiya ruwan bam a yaƙin da aka yi da Umar Mukhtar, wanda aka rataye a 1931. A yaƙin Habasha na 1935 zuwa 1936 jirage suka zuba iskar guba mai ƙona fata a kan sojoji da ƙauyuka da rafuka, alhali Italiya ta riga ta amince da yarjejeniyar Geneva ta 1925 wadda ta haramta hakan. Ran 30 ga Disamba 1935 aka jefa bam a asibitin Red Cross na mutanen Sweden kusa da Dolo. Ɗan Mussolini, Vittorio, wanda ya yi tuƙi a yaƙin, ya rubuta littafi inda ya kwatanta fashewar bam a tsakiyar mahaya dawakai da buɗewar fure, ya ce abin ya ba shi nishaɗi. Ɗan baƙin hayaƙin Gavotti ke nan ya girma. Gwamnatin Italiya ba ta amsa amfani da gubar a hukumance ba sai a 1996. A lokacin da ake wannan aiki kuwa, bishop-bishop da yawa na Italiya suna sa wa runduna albarka, waɗansu har da ba da zinariyarsu gudummawa, Kadinal Schuster na Milan kuma ya yi huɗuba a watan Oktoba 1935 yana yabon yaƙin a kan zai buɗe wa Bishara hanya, a ƙasar da ta karɓi Kristi tun ƙarni na 4. Su ma daga nesa suke kallo. Ba a saman jirgi kaɗai ake samun irin wannan nisa ba, ana samunsa a bagade.

Me ya rage wa mai bi da ke cikin wannan aiki, ko mai ba da umarni? Abin da ido yake yi wa lamiri ba da neman izini ba, shi sai ya yi shi da gangan. Ya tambaya su wane ne a ƙasa kafin ya saki, in shakka ta yi yawa ya janye hannu, in an umarce shi ya hallaka marasa laifi ya ƙi, don biyayya ba ta wanke wanda ya aikata. In kuma kuskure ya auku, kalmar kuskure ba ta rufe magana. A je wurin, a ƙidaya matattu da sunayensu, a binciki wanda ya yi sakaci, a biya hakkin marayu. Aikin Natan ke nan, kuma yana kan shugabannin addini kafin kowa.

Gavotti ya rasu a 1939. Bai ga ranar 19 ga Yuli 1943 ba, sa'ad da jiragen Amurka fiye da 500 suka zo bisa Roma da rana tsaka suna neman tashar jiragen ƙasa, bama-bamai suka zuba a unguwar talakawa ta San Lorenzo, suka kashe ɗaruruwan mutane, suka rushe gaban tsohuwar majami'ar Waliyyi Lawrence, suka tone kaburbura a maƙabartar Verano. A ranar Paparoma Pius na 12 ya fito daga Vatican cikin mota ba tare da rakiyar da aka saba ba, ya sauka a tsakiyar ɓaraguzai, jama'a suka kewaye shi, ya durƙusa ya yi addu'a tare da su. Wanda ya raka shi wani ma'aikacin fadarsa ne, Monsinyo Giovanni Battista Montini. Bayan shekara 22, ran 7 ga Disamba 1965, wannan Montini, yana Paparoma Paul na 6, shi ya sa hannu a takardar Majalisar Vatican ta Biyu a kan Ikilisiya a duniyar yau, wadda ta yanke cewa duk aikin yaƙi da ya nufi hallaka birane ko yankuna tare da mazaunansu ba bambanci laifi ne ga Allah da ga ɗan Adam. Bishop fiye da 2,000 suka jefa ƙuri'ar amincewa da ita, a cikinsu har da na Italiya da na Habasha.